Lambar BIOS a tsohuwar kwamfuta: wacce ce ta gaskiya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon yankan sitika da rubutun allo a Mabera, nan Sakkwato. Injin yankan nawa tsoho ne, ba ya aiki sai da wata kwamfuta Pentium II mai Windows 98 da na saye su tare. Had-dis ɗinta mai 4GB ya mutu, na samo mai 40GB na saka, sai ta riƙa tsayawa cik wurin neman dis, ba gaba ba baya. Wani mai gyara ya ce BIOS ɗin ne ya tsufa, sai an yi mashi filashin, amma in kawo mashi lambar BIOS ɗin tukuna. A sikirin na ga 4.51PG, a jikin aisin kuma akwai sitika mai 1998 da wata doguwar lamba. Wacce ce lambar? Kuma mi kake ba ni shawara in yi? Ga ayyukan mutane nan jibge."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya fid da kai kunyar masu aiki. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: a cikin lambobin da ka gani wacce ce ke nuna ainihin bugun BIOS ɗin da ke cikin kwamfutarka, sannan ko filashin ɗin, wato sake rubuta manhajar BIOS ɗin, shi ne mafita. Amsar ta farko ita ce babu ko ɗaya a cikin biyun. Don Allah kada ka bari kowa ya yi mata filashin da 4.51PG ko da lambar sitika a matsayin hujja. Mai gyaranka ya yi daidai da ya nemi lamba kafin ya taɓa, wannan alamar mutumin kirki ce, sai dai lambar da yake buƙata tana wani wuri daban.

Abin da ya sa lambobin suka yi yawa

BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune cikin aisi guda, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, a kan madabod, babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta. Ita ce ke fara tashi da zarar ka kunna, ta ƙirga memori, ta duba kibod, ta nemo dis, sannan ta miƙa wa Windows ragama. A shekarun 1990 kusan kamfanoni uku ne ke rubuta ta: AMI da Award da Phoenix, kuma Award da Phoenix sun haɗe a 1998. Su waɗannan ba madabod suke ƙerawa don kasuwar da muke saye ba. Tushen manhajar suke sayar wa masu ƙera bod, waɗanda galibinsu a Taiwan suke, kowane kuma ya ɗauka ya daidaita shi da nasa bod ɗin, da irin cifset ɗinsa, wato manyan aisin da ke haɗa sassan bod ɗin, da irin aisin da ke kula da firinta da filofi.

To 4.51PG sunan wannan tushen ne. Ɗaruruwan bod daban-daban, daga zamanin Pentium na farko har zuwa Pentium III, duk 4.51PG suke nunawa a saman sikirin. Neman fayil ɗin filashin da wannan lambar kamar ka shigo Sakkwato ne kana cigiyar Bello, ba sunan uba ba unguwa. Za ka samu, amma da wuya ya zama naka. Sitikar jikin aisin kuwa shaidar lasisi ce, wato mai bod ya biya Award kuɗin manhajarsu. Shekarar da ke kanta ta haƙƙin mallaka ce, doguwar lambar kuma ta lissafinsu ce. Ko an yi wa aisin filashin sau goma, sitikar ba za ta canza ba.

Layin ƙasan sikirin

Lambar da ake nema tana can ƙasa, a layi na ƙarshe na sikirin farko, ƙarƙashin inda aka rubuta "Press DEL to enter SETUP". Yawancin mutane ba su taɓa lura da shi ba domin yana wucewa kafin tsohuwar monita ta gama ɗumi. Kai dai matsalarka ta rage maka aiki, tunda kwamfutar tana tsayawa ne a wannan sikirin ɗin, layin yana nan yana jiranka. Ɗauki hotonsa da waya. Wanda tasa ke wucewa da sauri, ya fara kunna monita, sannan ya danna Pause lokacin da ake ƙirga memori. In Pause ya ƙi, a cire kibod kafin a kunna, sai ta tsaya tana ƙorafin ba ta ga kibod ba. In hoton kamfani ne ya rufe rubutun, Tab ko Esc kan ɗauke shi.

A Award, layin kan zo da wannan fasalin, misali kawai nake bayarwa: 09/15/1998-i440BX-W977-2A69KG0EC-00. Na farko ranar da aka haɗa wannan bugun ne. Na biyu cifset. Na uku aisin da ke kula da ƙofofin baya. Sai gungun haruffan nan, wanda shi ne zuciyar maganar. Biyar na farko cifset ne a taƙaice: 2A69K na nufin Intel 440BX, 2A59I na nufin 430TX, 2A59G kuma 430VX. Biyu na bayansu su ne mai bod ɗin: G0 Gigabyte, A1 Abit, M4 MSI. Sauran haruffan suna bambanta bod da bod a cikin gida ɗaya. Da wannan layin kaɗai nakan gane bod ɗin da babu suna ko ɗaya a jikinsa, kuma irinsu suna da yawa a kayan da aka harhaɗa a nan gida.

Ka kuma duba layin da ke sama, tsakanin rubutun Award da sunan firosesa. Wannan fili ne da aka bar wa mai bod ya rubuta abin da ya so, kuma sau da yawa nan ne ainihin lambar bugun take. Gigabyte kan sa F1, F2, F3 a jere. ASUS kan sa lamba huɗu irin su 1005 ko 1012, kuma su a layin ƙasa sunan bod ɗin suke rubutawa kai tsaye, kamar P2B. MSI kan fara da W in tushen Award ne, A in na AMI ne, sai lambar bod ɗin, sai V da lambar bugu.

Na AMI galibinsa lambobi ne da aka raba da karan ɗori. Lambar farko tana nuna firosesa, 3 na 386, 4 na 486, 5 na Pentium. A gungu na uku lambar mai bod take, gungu na biyar kuma kwanan wata. Amma a nan akwai tarko: kwanan watan AMI na tushen ne, ba na bugun bod ɗinka ba. Shi ya sa za ka ga 111192 ko 071595 a kan tulin kwamfutoci da ba su haɗa komai ba, har da waɗanda aka ƙera shekara biyu ko uku bayan ranar.

Kayan kamfani da ake shigo mana da su na hannu sun fi sauƙi. Dell kan rubuta A01, A02 har zuwa sama, a sikirin farko da kuma cikin saitin da F2 ke buɗewa. IBM F1 ne. Compaq F10 ne, kuma su suna da lambar dangi, irin masu farawa da 686, wadda dole ta dace kafin a yi maganar kwanan wata. Wasu tsofaffin Compaq ma saitin nasu a wani ɓoyayyen yanki na had-dis yake, in dis ya mutu ya tafi da shi, sai an nemo filofin saitin.

Tambayar kwamfutar da kanta

Akwai hanyar da ba ta dogara da sikirin farko ba. Cire dis ɗin nan mai 40GB, ka tayar da ita da filofi ko faifan farawa na Windows 98, ka rubuta debug. Zai ba ka ɗan karan ɗori. Sai ka rubuta d f000:fff5 l 8 ka danna Enter. A gefen dama za ka ga kwanan wata mai harafi takwas. Ka fita da q. Kada ka gwada wasu haruffa a cikin debug in ba ka san aikinsu ba, domin akwai waɗanda ke rubutu a kan dis.

Wannan adireshin na cikin memori, f000:fff5, yana da tarihi. Tun kwamfutar IBM PC ta farko, samfurin 5150 da ta fito a watan Agustan 1981, a nan IBM ta ajiye ranar BIOS, duk masu kwaikwayonta kuma suka bi. Ita 5150 ɗin ba ta rubuta komai game da BIOS a sikirin, don haka da wannan ranar ake bambanta bugu ukun da ta yi: 04/24/81 da 10/19/81 da 10/27/82. Bambancin ba na ado ba ne. Na ukun ne kaɗai ke duba katunan da aka soka ya tayar da manhajar da ke kansu, ma'ana biyun farko ba za su tashi daga had-dis ba ko ka saka kati mai kyau. IBM AT ma uku ta yi: 01/10/84 da 06/10/85 da 11/15/85. Kusa da ranar, a f000:fffe, akwai lamba guda da ke faɗin samfuri: FF na PC, FE na XT na farko, FC na AT.

Ka lura da yadda ake karanta ranar, don a nan mutanenmu ke yawan zamewa. Tsarin Amurka ne, wata kafin rana. 06/10/85 goma ga Yuni ne, ba shida ga Oktoba ba. In kana gwada bugu biyu na shekara ɗaya, wannan kuskuren kan sa ka ɗauki tsoho a matsayin sabo.

In Windows na tashi, msinfo32 kan nuna bayanin BIOS, a DOS 6 kuma akwai MSD, a Linux akwai dmidecode. Ina amfani da su, amma ban cika sakin jiki da su a kan kayan da suka girmi 1997 ba, domin wasu masu bod ba su cika gurbin bayanan da waɗannan manhajojin ke karantawa ba.

Waɗanda ba dangin IBM ba kuwa, kowace da nata hanyar, kuma ba kasafai suke zuwa hannunmu ba. A BBC Micro ana rubuta *FX 0 ta faɗi bugunta, galibi OS 1.20. A Commodore 64, PRINT PEEK(65408) kan ba da 170 ko 0 ko 3, wato bugu na ɗaya ko na biyu ko na uku. Amiga kuwa tana nuna lambar Kickstart a hoton da take neman filofi.

Buɗe akwatin

Ko ka samu layin ƙasa, sai ka buɗe akwatin. Cire wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa bod, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe jiki ke tara lantarki. Sa burushi mai laushi ka share ƙurar da ke tsakanin ramukan katuna da gefunan bod. Kana neman farin rubutu da aka buga a jikin bod ɗin: sunan samfuri, da kalmar REV tare da lamba kamar 1.0 ko 1.02 ko 2.1. Wannan bugun bod ɗin ne da kansa, daban yake da bugun BIOS. Kamfani kan canza aisi ɗaya ko biyu a kan bod ya bar sunan yadda yake, sai REV kawai ya ƙaru, kuma wani lokaci fayil ɗin wancan ba ya tayar da wannan.

Shi aisin BIOS ɗin, ainihin sunansa yana ƙarƙashin sitika. An taɓa kawo mini wata kwamfuta 486 daga wani ofis da ta daɗe a sito mai rufin kwano. Zafin bazara ya busar da gam ɗin sitikar har ta naɗe kamar busasshen ganye, ƙarƙashinta ga ɗan tagar gilashi mai zagaye, ana hango ƙwayar aisin tana ƙyalli da siraran wayoyinta. Irin wannan, masu lamba 27C256 ko 27C512 ko 27C010, ba a yi musu filashin a kan bod ko kaɗan. Da hasken ultrabayolet ake goge su ta wannan tagar, a sake rubuta su da na'ura. In ka ga taga, rufe ta da baƙin tef, kada ka bar ta a rana. Masu farawa da 28F ko 29 ko 39 su ne ake yi wa filashin, kuma a zamanin Pentium II ɗinka kusan tabbas irinsu ne. Za ka kuma ga lamba huɗu kamar 9835, wato mako na 35 na 1998. Ranar ƙera aisin ke nan, ba ta manhajar da ke ciki ba. A 286 da wasu 386 aisin biyu ne, ɗaya na lambobin cika ɗaya na mara, in an cire su a yi musu alama don kada a musanya.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce a zare aisin a karanta shi da na'urar karatu irin TL866, a ajiye abin da ke ciki a fayil, a gwada shi da fayilolin da aka sani. Ni duk aisin da ya zo hannuna sai na kwafe shi kafin in yi komai, kuma sau biyu nake karantawa in ga ko sun zo ɗaya, don ƙafafun da suka yi tsatsa kan ba da karatun ƙarya. Ina nacewa a kan wannan ne domin kwamfutar da ta shekara ashirin da wani abu tana yawo hannu zuwa hannu, ba ka san wa ya taɓa ta ba. Na sha ganin aisin da aka ciro daga wani bod aka dasa, sitika na faɗin wani abu, cikin na faɗin wani.

Shin BIOS ɗin ne ya tsayar da ita?

Alamun da ka bayar sun yi daidai da wata sananniyar matsala. Tsofaffin BIOS suna lissafa girman dis da silinda da kai da sashe, kuma kowane zamani akwai inda lissafin ke cika. Na kafin 1994 sukan tsaya a 528MB. Daga baya aka ci karo da 2.1GB, sai 8.4GB, can gaba kuma 137GB. A tsakani akwai ta Award 4.51PG: bugun da aka haɗa kafin tsakiyar 1999 ba ya iya ɗaukar silinda fiye da 65,535, wanda ya kama kusan 33.8GB, shi ne ake kira iyakar 32GB. Muninta shi ne ba ta cewa dis ya yi girma, sai dai ta sandare wurin nemansa. Naka 40GB ne, kuma nan take tsayawa. In ranar da ke layin ƙasa ta 1998 ce ko farkon 1999, zan ce ita ce.

Amma ban ga kwamfutar ba, kuma abubuwa biyu na iya kwaikwayon wannan alamar. Ɗaya jampar bayan dis, ɗan baƙin robar nan da ke haɗa fil biyu, in an bar ta a kan Slave ko ta ci karo da ta CD. Na biyu faffaɗar wayar dis, in ta karye a ciki ko an juya ta, jan gefenta fil na ɗaya yake bi. Gwada su tukuna, ba su cin ko sisi. In kuma kana ganin "CMOS checksum error", batirin CR2032 ne ya mutu, ba BIOS ba. Wanda ke nuna aisin da kansa ya lalace shi ne "BIOS ROM checksum error", su biyun a bambanta su.

Shawarata kuwa, kada filashin ya zama abin farko. Injin yankanka ba ya buƙatar 40GB, da 4GB ya yi maka aiki shekara da shekaru. Duba takardar jikin dis ɗin, da yawa daga cikin masu 40GB na wancan zamanin suna da wurin jampa da ke rage su zuwa 32GB, a rubuce yake a zanen. Ka matsar da roba guda, kwamfutar ta ga dis, a zuba Windows, ka koma aiki yau. In babu, akwai ɗan adafta da ke mayar da katin memori irin CF ya zama dis, ka sa mai 4GB ko 8GB. Ba ya juyi, ba ya ɗaukar zafi kamar dis, wanda ba ƙaramin abu ba ne a shagon da ke aiki cikin watan Afrilu. In ba a samu a shagunan titin Emir Yahaya ba, a yi saƙo titin Beirut a Kano ko Ikeja. Akwai kuma katin PCI irin na Promise mai nasa BIOS, wanda ke karɓe aikin dis gaba ɗaya. Manhajojin da ake ɗorawa a farkon dis don su yaudari BIOS, irin su Disk Manager da EZ-Drive, suna aiki, amma ba na son su a kwamfutar sana'a, domin ranar da ka ɗauki dis ɗin zuwa wata kwamfuta don ceto fayilolinka za su iya ba ka wahala.

In sai an yi filashin

In duk waɗannan sun gagara, ko kuma kana da wani dalili, to abu huɗu za ka kai wa mai gyara: hoton layin ƙasa, hoton layin sama, sunan bod da REV ɗinsa, da lambar da ke ƙarƙashin sitika. Fayil ɗin da zai samo dole gungun haruffansa ya zo ɗaya da naka, girmansa kuma ya dace da aisin, 128KB ko 256KB. Ya karanta bayanin bugun ya ga an ambaci manyan dis, domin ba kowane sabon bugu ne ya gyara wannan ba, wasu bod ɗin ma kamfaninsu ya daina kula da su kafin gyaran ya fito. Masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci sun yi wa wasu kwaskwarima da kansu, amma irin wannan ba na zuba shi sai ina da kwafin na asali a hannu.

AWDFLASH, manhajar Award ta yin filashin, kan tambaya ko a ajiye tsohon, a ce e, a kwafe shi wuri biyu. A yi aikin daga DOS tsantsa, ba daga cikin Windows ba, kuma a kan inbata ko UPS mai cikakken caji. Aikin bai kai minti biyu ba, amma in aka ɗauke wuta a tsakiya bod ɗin na iya ƙin tashi har sai an zare aisin an rubuta shi da na'ura. Shi ya sa na fi son a rubuta sabon bugun a kan wani aisin daban mai lamba ɗaya, a ajiye na asalin a aljihun tebur, in sabon ya ƙi a mayar.

Kafin a taɓa komai, shiga saiti da DEL ka ɗauki hoton kowane shafi, musamman Integrated Peripherals. Bayan filashin dole a mayar da saiti na asali, kuma wannan kan canza yanayin ƙofar da injinka ke amfani da ita. In ta firinta ce, duba ko tana kan SPP ko EPP ko ECP, da adireshinta, galibi 378 da IRQ 7. In ta siriyal ce, COM1 kan zama 3F8 da IRQ 4. Da yawa sukan ga Windows ta tashi lafiya amma wuƙar injin ta ƙi motsi, su ɗauka filashin ne ya ɓata wani abu, alhali layi ɗaya ne a wannan shafin ya koma yadda ya fito daga kamfani. Mayar da shi yadda yake a hotonka, ka adana da F10, sannan ka gwada yanka ƙaramin harafi a kan ragowar sitika kafin ka ɗora aikin mutane.